Tun da aka ce ina da ciwon hanta nau'in C, na rasa abin da zan bari da abin da zan ci gaba da yi

Malamin Firamare: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na daɗe ina bibiyar wannan zaure ban taɓa cewa uffan ba, amma yau lalura ta sa dole in buɗe baki. Makonni bakwai da suka wuce na je bayar da jini ga matar ƙanena da za a yi wa tiyatar haihuwa, sai ma'aikacin ɗakin gwaji ya ja ni gefe ya ce ba za su ɗibi jinina ba, domin gwaji ya nuna ciwon hanta nau'in C. Shekarata 44, ban taɓa yin ciwon shawara ba, kuma har yau babu inda yake yi mini ciwo. Duk da haka, tun daga ranar gidana ya sauya. Na ware kwanona da kofina da cokalina. Na daina cin tuwon dare a tire ɗaya da yarana, alhali mun saba zama a tabarma ni da su huɗu, autan yana jingine da cinyata yana jiran in yago masa nama. Yanzu idan ya matso sai in ce ya koma wajen yayyensa, ya tafi yana waiwayena bai san laifin da ya yi ba. Na daina cin mai da nama da ƙwai da gyaɗa saboda haka kowa yake faɗa, har wandunana sun yi mini yawa. Na ƙaurace wa iyalina. Wani aminina kuma ya kawo mini jarkar jiƙon saiwoyi, ina sha safe da yamma. Don Allah, duk wanda yake da sani ko ya taɓa shiga wannan hali, ya gaya mini abin da ya wajaba in canja da abin da nake wahalar da kaina a kansa a banza.

Malamar Jinya: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Kafin a kai ga maganar abinci ina so in san irin gwajin da aka yi maka, domin a nan ne mutane da yawa suke faɗawa damuwar da ba ta da tushe. Gwajin gaggawa da ake yi wa masu bayar da jini alama kawai yake nema, wato shaidar cewa garkuwar jikinka ta taɓa karo da ƙwayar cutar. Bai nuna ko tana nan har yanzu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 30 cikin ɗari na waɗanda suka kamu jikinsu yakan kori ƙwayar da kansa a cikin watanni shida na farko ba tare da magani ba, amma alamar takan zauna a jininsu har ƙarshen rayuwa. Akwai gwaji na biyu, wanda ake kira PCR, shi ne yake neman ƙwayar ita kanta a cikin jini. Idan ba a yi maka shi ba, to shi ne abin da ya kamata ka sa a gaba a wannan makon.

Sannan ina roƙonka ka koma tiren yaranka yau ɗin nan. Wannan cuta ta hanyar jini take yaɗuwa. Ba a ɗaukarta ta cin abinci tare, ko shan ruwa a kofi ɗaya, ko musafaha, ko runguma, ko tari, ko gumi. Abubuwan da za ka ware su ne reza, da kilifar aski, da abin yankan farce, da burushin goge baki ko aswaki, saboda dasashi yakan yi jini mutum bai lura ba. Idan ka ji rauni ka rufe shi, idan jini ya ɗiga a wani wuri a goge shi da ruwan bilic. A zaman gida iyakar abin da ake bukata ke nan.

Malamin Firamare: Na gode, Malama. Gaskiya gwajin gaggawar kawai aka yi mini. An ambaci wani gwaji na biyu, amma da na ji kuɗinsa sai na ce bari in fara gwada na gida tukuna.

Hajiyar Tudun Wada: Malama, ban ƙi maganarki ba, amma ina jin tsoron kada a sassauta wa bawan Allahn nan har ya saki jiki. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ciwon hanta ne ya yi ajalinsa. Na ga yadda cikinsa ya kumbura har ba ya iya ɗaure tazuge, ƙafafunsa suka cika da ruwa, idanunsa suka koma kamar an zuba musu kurkum. A lokacin an hana shi gishiri da dunƙule, kuma ni da hannuna nake dafa masa abinci daban. Idan ƙauracewa abinci ba ta da amfani, me ya sa likitoci suka ɗora masa doka? Ni a ganina, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ya ci gaba da kiyayewa har sai an ga abin da hali ya yi.

Malamar Jinya: Allah ya jiƙan Alhaji, Hajiya, ya ba ki ladan jinya. Abin da kika gani gaskiya ne, sai dai matakin ciwon ya bambanta. Abin da kika siffanta shi ne lokacin da hanta ta cika da tabo ta taurare har ta kasa aikinta, ruwa ya fara taruwa a ciki. A wannan mataki ana rage gishiri sosai domin yana riƙe ruwa a jiki. Amma ko a nan ma ba a hana mara lafiya nama da wake da ƙwai da kifi, hasali ma ana ƙarfafa masa ya ci, har a ce ya ɗan taɓa wani abu kafin ya kwanta barci, saboda mai irin wannan hanta tsokar jikinsa takan zube da sauri. Kuma ba kowa yake kaiwa can ba. A cikin waɗanda cutar ta zauna musu, kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari ne hantarsu kan taurare a cikin shekaru ashirin. Mutumin da ba a ma auna lafiyar hantarsa ba, ya yanke wa kansa abinci mai gina jiki har yana ramewa, wannan ba kiyayewa ba ce, cutar da kai ce.

Abin da ya dace ya rage shi ne abin da ke tara kitse a hanta: lemon kwalba, shayi mai cokali huɗu na sukari, yawan soye-soye, da zama wuri ɗaya babu motsa jiki. Ƙiba da ciwon sukari suna hanzarta tabon hanta. Gyaɗa kuwa ba ita ce matsalar ba, fumfunar da ke kama ta idan an adana ta da danshi ita ce matsalar, haka ma masara. Wannan fumfuna tana fitar da wata guba mai suna aflatoksin wadda aka tabbatar tana jawo sankarar hanta. Saboda haka gyaɗar da ta yi ɗaci, ko ta canja launi, ko ƙuliƙulin da ba a san da irin gyaɗar da aka yi shi ba, su ne abin gudu, kuma wannan ya shafi kowa a gidan, ba mai ciwon kaɗai ba.

Dattijon Unguwa: Ni inda zan sa baki shi ne maganar jiƙo. Na lura duk lokacin da aka ambaci maganin gargajiya a wannan zaure sai a taso masa kamar guba. Iyayenmu da kakanninmu da saiwoyi da sassaƙe suka yi maganin shawara, kuma mun ga waɗanda suka sha idonsu ya washe suka miƙe. Talakan da ba shi da kuɗin gwaji, a ce masa kada ya sha abin da yake iya samu, to me zai yi? Ya zauna ya rungume hannu?

Malamar Jinya: Baba, ba raina gadon iyaye nake yi ba, kuma tambayarka ta talaka tambaya ce mai nauyi. Amma shawarar da kuka ga ta warke, sau da yawa ciwon hanta nau'in A ce ko E, waɗanda ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa da abinci, kuma galibi suna wucewa da kansu cikin makonni, a sha jiƙo ko kada a sha. Nau'in C daban yake. Yakan yi shekaru ashirin ko talatin a jiki ba tare da ido ya canja launi ba, don haka mai shan jiƙo ba shi da alamar da zai gane ko yana samun sauƙi ko abin yana ci gaba. Na biyu, duk abin da aka haɗiye hanta ce take tace shi. Jarkar da ba a san me aka jiƙa a ciki ba, ba a san awonta ba, ana ɗora wa hantar da ke fama da kumburi aikin da ba ta nema ba. Na sha ganin waɗanda aka kawo mana da hantar da ta rikice bayan makonni suna shan irin wannan haɗi. Kuma ba na gargajiya kaɗai ba. Farasitamol ma, mai ciwon hanta ana shawartarsa kada ya wuce giram 2 a rana, wato ƙwaya huɗu masu miligiram 500. Wanda hantarsa ta taurare kuwa ana hana shi magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saya a kemis kamar alewa. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe shi ma ba a sha sai likita ya rubuta.

Direban Doguwar Hanya: Malam mai tambaya, ni na bi wannan hanya har ƙarshenta, don haka bari in gaya maka abin da ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba. Lokacin da aka gano nawa, ina cikin waɗanda idan mun sauka a tasha da dare sai mu ɗan kurɓa, muna cewa gajiya muke saukewa. A gida babu wanda ya sani. Da likita ta tambaye ni ko ina shan giya na ce a'a har sau biyu. Sai ta ajiye biro ta ce ita ba alƙali ba ce, tana tambaya ne domin giya da wannan ƙwayar cuta idan suka haɗu suna cin hanta da sauri fiye da kowanne shi kaɗai. Nan na sunkuyar da kai na faɗi gaskiya. Na faɗi wannan ne domin a ƙasarmu kunya takan sa mutum ya ɓoye wa likita abin da ya fi komai muhimmanci, ya fito yana ta ƙauracewa manja. Barin kwalbar ya fi mini wuya fiye da barin kowane abinci, domin sai da na sauya inda nake kwana a hanya da mutanen da nake zama da su. Taba ma na bar ta daga baya.

An ba ni magungunan kashe ƙwayar cutar, sofosbuvir da daclatasvir, na makonni 12. Nakan sha bayan sallar asuba, na ɗaure kwalin a jikin carbina domin kada in manta ko ina kan hanya. Ban ji komai ba sai ɗan ciwon kai da kasala a makon farko. Makonni 12 bayan na gama aka sake gwaji, aka ce babu ƙwayar. Irin waɗannan magunguna suna warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari. Kuɗin da za ka kashe a jarkoki da 'yan ƙwayoyin kemis cikin shekara guda, ka tara shi ka yi gwajin nan.

Ɗalibi a Alƙahira: Ina so in ƙara a kan maganar Yaya direba da abin da na gani a Masar, inda nake karatu. A da, babu ƙasar da wannan cuta ta yi wa katutu kamar nan. Daga shekarun 1950 zuwa 1980 gwamnati ta yi gangamin yi wa mutanen karkara allurar maganin tsargiya, ana amfani da sirinjin gilashi ana maimaitawa ba tare da an tafasa shi yadda ya kamata ba, sai cutar ta bazu a ƙauyukan da ke bakin kogin Nilu. Binciken ƙasa na 2008 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin goma na manya yana ɗauke da ita. Lokacin da sofosbuvir ya fito a Amurka a ƙarshen 2013, kuɗin shan makonni 12 dala 84,000 ne, wato ƙwaya ɗaya dala dubu. Masar ta nemi rangwame, daga baya kamfanoninta suka riƙa haɗa maganin a gida, sannan a 2018 aka fara gangamin gwaji kyauta wanda ya kai ga mutane fiye da miliyan 50. A watan Oktoba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Masar a matsayin ƙasa ta farko da ta kai matakin zinare, wato mataki mafi girma, a hanyar kawar da cutar. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda mutane a nan suke maganarta. Mai gadin gidan da nake haya ya ba ni labarin shan maganinsa kamar wanda yake ba da labarin zazzaɓin da ya yi bara. Da magani ya wadata, sai tsangwama ta ragu da kanta.

Wanzamin Gado: Tun ɗazu nake jira in ga ko za a ambace mu, domin duk inda aka yi zancen ciwon hanta wanzami ne ake fara nunawa da yatsa. Ba zan yi musu ba cewa aska ɗaya a kan mutum goma haɗari ce. Mahaifina da aska ɗaya yake yi, ya wasa ta a fata ya goge a tsumma, kuma bai san akwai abin da ido ba ya gani ba. Ni yanzu sabuwar reza nake ɓarewa a gaban mutum, ko aski ne ko ƙaho ko kaciya, ƙahon ma na roba nake amfani da shi, kowa da nasa. Amma a yi mana adalci. Masu yin allura a lungu da sirinjin da ba a san asalinsa ba fa? Masu yawo da almakashi suna yankan farce a kasuwa da bakin masallaci fa? Mai shagon askin da yake fesa wa kilifa ɗan ruwa ya ɗora a kan na gaba fa? Malam, shawarata ka sayi kilifarka ka riƙa zuwa da ita, kuma idan za a yi maka ƙaho ka gaya wa wanzamin halin da kake ciki. Wanda ya san sana'arsa ba zai guje ka ba, gode maka zai yi.

Uwar Biyu: Ni abin da ya tsaya mini a rai a cikin bayanin Malam shi ne kalma ɗaya da kowa ya tsallake, inda ya ce ya ƙaurace wa iyalinsa. Malam, ka zaunar da ita ka yi mata bayani kuwa, ko dai kawai ta ga ka canja ne? Ina tambaya ne domin ni aka taɓa yi wa haka ta ɗaya ɓangaren. Ina da cikin 'yan biyuna aka gano ina da shi a awon ciki, kuma kafin in dawo gida labari ya riga ni isa wajen dangin miji. Aka fara kallona da zargin da ba sai na faɗa ba, alhali ni abin da nake tunawa shi ne ƙarin jinin da aka yi mini ina yarinya. Aka ce kada in shayar da jariran. Da ba don wata ungozoma ta tsaya tsayin daka ba, da an raba su da nonon uwa a banza. Shayarwa ba ta yaɗa shi, sai dai idan kan nono ya tsage yana jini, a dakata har ya warke. Daga uwa zuwa jariri yakan wuce ne a kusan kashi 5 ko 6 cikin ɗari, nawa kuma da aka gwada su bayan sun cika wata 18 duka lafiya lau. Tsakanin miji da mata kuwa an bayyana mana cewa yaɗuwarsa ta hanyar kwanciya ba ta da yawa, abin kiyayewa shi ne lokacin da akwai jini ko rauni. Mijina an gwada shi ba shi da shi, bayan shekara shida muna tare. Ka kai ta a gwada ta, wannan haƙƙinta ne, amma kada ka bar ta tana saƙe-saƙe a zuci ita kaɗai.

Dattijon Unguwa: Wannan magana ta 'yata ta taɓa ni. Tun da aka sa dokar gwaji kafin aure a Kano a 2024, na ga an fasa wani aure a unguwarmu saboda sakamakon ciwon hanta, kuma babu wanda ya tsaya ya tambaya ko wane nau'i ne, ko yana da magani. Da mun san ana warkewa cikin wata uku, da ɗage ranar aka yi, ba fasawa ba. Maganar jiƙo kuwa, na ji bayaninki, Malama, ko da yake har yanzu ina ganin akwai itatuwan da ya kamata masana su bincika maimakon a yi watsi da su gaba ɗaya.

Hajiyar Tudun Wada: To azumi fa, Malama? Marigayi ya dage sai ya yi, muka yi ta fama da shi.

Malamar Jinya: Hajiya, ya danganta da halin hantar. Wanda yake ɗauke da ƙwayar amma hantarsa tana aiki daidai, galibi yana iya azuminsa, maganin ma sau ɗaya ake sha a rana, sai a tsayar da shi a sahur ko bayan buɗa baki. Wanda ruwa ya taru masa a ciki, ko ya taɓa aman jini, ko hankalinsa yakan rikice saboda hanta, likitoci suna hana shi, kuma addini ya yi masa rangwame.

Malam, idan gwajin ya tabbatar, ga abin da nake so ka riƙe kafin ka fara magani. A gwada ka nau'in B da ƙanjamau, domin mai ɗauke da nau'in B yana iya tasar masa yayin shan maganin C. A binciken ƙasa na 2018 an samu nau'in B a kashi 8.1 cikin ɗari na manya a Najeriya, nau'in C kuma kashi 1.1, ka ga haɗuwarsu a jikin mutum ɗaya ba abin mamaki ba ne. Idan ba ka da B, ka yi rigakafinsa, kai da iyalinka, tun da shi C har yanzu ba shi da allurar rigakafi. Ka kai wa likita duk abin da kake sha a leda, har da jarkar nan, domin maganin tarin fuka rifampicin, da wasu magungunan farfaɗiya, da wasu na gyambon ciki suna rage ƙarfin maganin. Kuma warkewa ba ta hana sake kamuwa, saboda haka dokar reza da allura tana nan har abada. Wanda aka samu hantarsa ta riga ta taurare, ko bayan ya warke zai ci gaba da yin hoton ciki duk wata shida.

Malamin Firamare: 'Yan'uwa, Allah ya saka muku da alheri, na karanta komai har sau biyu. Hajiya Uwar Biyu, kin yi gaskiya, ban yi mata cikakken bayani ba, na ce mata dai likita ya ce in kiyaye. Jiya bayan isha'i na zaunar da ita na karanta mata abin da kika rubuta. Ta yi kuka, ta ce ita duk zatonta wani laifi ta yi mini ko aure nake shirin ƙarawa. Mun yi shawara za mu sayar da tunkiya ɗaya a cikin biyun da take kiwo, ranar Litinin mu je tare, ni a yi mini gwaji na biyu, ita a yi mata na farko. Jarkar na ajiye ta, zan tafi da ita in nuna. Yau da dare kuma na ce a zuba mana a tire ɗaya, autan ya zo ya zauna a inda ya saba. Malama, tambaya ɗaya ta rage mini: babban ɗana mai shekara 16 mun daɗe muna amfani da kilifa ɗaya ni da shi, shin in tafi da shi ranar Litinin ɗin, ko in jira sakamakona ya fito tukuna?

Malamar Jinya: Ka tafi da shi, Malam, gwajin gaggawar ba shi da tsada kuma a ranar za a ba ku sakamako. Ka yi masa bayani tun a gida kafin ku fita, domin kada ya fara jin sunan ciwon a bakin wani a layin ɗakin gwaji.